Daidaita Jimlar Sinadarai: Darasi Daga Murhun Gas Da Kaskon Gawayi

A watannin Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ya kankama a garin Bauchi, wanda ya zaga unguwar GRA bayan sallar isha'i zai iya tarar da wuta iri uku tana ci a cikin gida guda. A kicin akwai murhun gas. A bayan gida janareta na ruri, domin an ɗauke wutar lantarki. A ɗan ɗakin da ke bakin ƙofa kuwa maigadi ya sa kaskon garwashi a gaba yana jin ɗumi. Dukan ukun nan aiki ɗaya suke yi, watau haɗa abin ƙonawa da iskar oksijin, kuma kowannensu yana da lissafin da yake bi, wanda ba ya kuskure ko da ƙwaya ɗaya.

Wannan lissafi shi ne wanda ɗaliban sakandare ke fama da shi a ajin kemistiri da sunan daidaita ikweshan, abin da za a kira daidaita jimlar sinadarai a cikin wannan ƙasida. Ɗalibai da yawa sun ɗauke shi wasan lambobi ne kurum da ake koya domin a haye jarrabawar WAEC ko NECO, a manta da shi washegari. Lalle yana cikin jarrabawa, kuma ana asarar maki a kansa kowace shekara. Amma lissafin nan shi ne kuma ke bayyana dalilin da ya sa kaskon da ya ɗumama maigadi cikin dare zai iya zama ajalinsa kafin asuba.

Asalin Dokar

Duk wanda ya taɓa hura gawayi ya san cewa kwano guda, in ya cinye, tokar da za ta rage ba ta wuce cikin tafin hannu ba. Ido na cewa sauran ya ɓace. Haka mutane suka ɗauka shekaru aru-aru, har masana a cikinsu.

Wanda ya fi kowa shahara wajen warware wannan ruɗani shi ne wani Bafaranshe mai suna Antoine Lavoisier, ana furta sunan Labwaziye. A shekarar 1774 ya zuba ƙarfen kuza a cikin wata kwalba, ya liƙe bakinta ƙam, ya auna. Sa'an nan ya gasa ta har wani sashe na ƙarfen ya koma gari, ya sake aunawa. Nauyin bai ƙaru ba, bai ragu ba. Da ya fasa bakin kwalbar sai iska ta kutsa ciki, nauyi ya ƙaru. Ashe ƙarfen ya sha wani sashe na iskar da ke cikin kwalbar ne, abin da iskar ta rasa shi ne daidai abin da ƙarfen ya samu. A 1789 ya buga littafinsa na koyar da kemistiri, inda ya shimfiɗa dokar ƙarara: nauyin kayan da aka fara da su daidai yake da nauyin kayan da aka ƙare da su. Ba abin mamaki ba ne da wannan tunani ya fito daga wurinsa, gama aikin da yake ci da shi karɓar haraji ne, ya saba da littafin da dole shiga da fita su yi daidai a ƙarshen shafi. Wannan aikin harajin ne kuma ya jawo aka fille masa kai a birnin Faris a 1794, zamanin juyin juya hali.

Dalilin dokar ya fito fili a 1808, sa'ad da John Dalton, wani malamin makaranta a Ingila, ya bayyana cewa kowane abu an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, kuma a cikin aikin sinadarai ƙwayoyin ba su mutuwa, ba a kuma haifar sababbi. Abokan zama kaɗai suke sauyawa. Misalinsa kamar mutumin da ya rushe ɗaki ne ya gina katanga da tubalinsa: siffa ta sake, amma in an ƙirga tubali yana nan yadda yake. Gawayin da ya cinye bai tafi ko'ina ba. Ƙwayoyinsa sun haɗu da oksijin sun tashi sama.

Yadda Ake Karanta Jimla

Haruffan da ake rubuta sinadarai da su wani masani ne na ƙasar Suwidin, Berzelius, ya tsara su wajen 1813, kuma su ake amfani da su a duniya duka, ko da wane harshe ake koyarwa. C kabon ne, watau ainihin abin da gawayi ya ƙunsa. H haidurojin ne, O oksijin, N naitirojin, Ca kalsiyam, Fe kuwa baƙin ƙarfe. Idan ƙwayoyi biyu ko fiye suka manne wuri ɗaya, sun zama ƙulli, wanda malamai ke kira molekul. Ƙaramar lambar da ake rubutawa a gindin harafi ita ke faɗin yawan ƙwayoyin da ke cikin ƙullin. H₂O, watau ruwa, ƙwaya biyu ce ta haidurojin da ɗaya ta oksijin. Iskar oksijin da ake shaƙa kullum bibbiyu ƙwayoyinta ke tafiya, shi ya sa ake rubuta ta O₂.

Jimlar sinadarai tana da ɓangare biyu, kibiya a tsakani. A hagu kayan shiga, a dama kayan fita. Ga ta gawayi a cikin wadatacciyar iska:

C + O₂ → CO₂

Kabon ɗaya a hagu, ɗaya a dama. Oksijin biyu a hagu, biyu a dama. Wannan ta zo a daidaice, ba ta bukatar gyara. Amma a dubi ta ruwa:

H₂ + O₂ → H₂O

Oksijin biyu ne a hagu, ɗaya a dama. Ƙwaya ɗaya ta salwanta a kan takarda, abin da ba ya faruwa a zahiri. A nan ne ɗalibi mai gaggawa kan faɗa rami. Sai ya ɗauki alƙalami ya ƙara ƙaramar lamba 2 a gindin O na dama, ya rubuta H₂O₂, ya ƙirga ya ga kome ya yi daidai. Ƙirga ta yi daidai, amma abin da ya rubuta ba ruwa ba ne kuma. Wani sinadari ne da ake wanke rauni da shi a asibiti, wanda ba mai hankalin da zai sha shi don ƙishirwa. Mai bukatar ƙafa shida daga babura, babur uku zai kawo. In ya ce zai ƙara wa babur ƙafa ta uku, to, ya tashi daga babur ya koma keke-napep.

Saboda haka doka ta farko, wadda ba ta da togiya, ita ce: ba a taɓa ƙaramar lambar gindi. Abin da aka halatta kawai shi ne a sa babbar lamba a gaban ƙulli, wadda ke faɗin ƙulli nawa aka ɗauka, kuma tana riɓanya duk abin da ke cikin ƙullin. In an sa 2 a gaban ruwa, oksijin ya zama biyu a dama, amma haidurojin ya koma huɗu. Sai a sa 2 a gaban haidurojin na hagu:

2H₂ + O₂ → 2H₂O

Huɗu da huɗu, biyu da biyu. Jimla ta daidaita.

Tukunyar Gas

Gas ɗin girki da ake ɗurawa a tukunya cakuɗe ne na sinadarai biyu da ake samu daga man fetur da iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa, furofan da butan. Dukansu kabon ne da haidurojin zalla, in sun ƙone sosai kuwa abu biyu suke bayarwa, iskar CO₂ da tururin ruwa. A fara da furofan, C₃H₈, domin ya fi sauƙi:

C₃H₈ + O₂ → CO₂ + H₂O

Gogaggun malamai kan ba da shawara a fara da sinadarin da ya bayyana a wuri ɗaya tak a kowane ɓangare, a bar wanda ya warwatsu sai ƙarshe. A nan oksijin ne ya warwatsu, gama yana cikin CO₂ yana kuma cikin ruwa. To, a fara da kabon. Uku ne a hagu, sai a sa 3 a gaban CO₂. Haidurojin takwas ne a hagu, kowane ƙullin ruwa kuwa biyu yake ɗauka, ke nan ƙulli 4 ake bukata. Yanzu a ƙirga oksijin na dama: shida daga 3CO₂, huɗu daga 4H₂O, goma ke nan. Tun da bibbiyu yake zuwa, ƙulli 5 ya isa:

C₃H₈ + 5O₂ → 3CO₂ + 4H₂O

Wanda ya fara da oksijin zai yi ta gyara yana gogewa, domin duk lambar da ya sa, gyaran kabon ko na haidurojin zai zo ya rushe ta.

Butan, C₄H₁₀, yana da wani ɗan tarko da ya kamata a tsaya a kansa. In an bi hanyar nan ta ɗazu, kabon huɗu zai ba da 4CO₂, haidurojin goma zai ba da 5H₂O. Oksijin na dama takwas da biyar, goma sha uku. Lambar mara ce, ba ta rabuwa biyu. Ƙulli shida da rabi ake bukata, alhali kuwa ba a raba ƙulli. A wannan gaɓa ɗalibai da yawa kan ɗauka sun yi kuskure, su soke aikin duka su koma farko. Ba su yi kuskure ba. A rubuta shida da rabin nan da fensir, sa'an nan a riɓanya kowace lamba ta jimlar sau biyu, har da ɗayan da ke ɓoye a gaban butan, wanda ba a rubuta shi amma yana nan:

2C₄H₁₀ + 13O₂ → 8CO₂ + 10H₂O

Bayan an gama, tilas ne a sake ƙirga daga farko kamar wani ne ya yi aikin. Kabon takwas da takwas. Haidurojin ashirin da ashirin. Oksijin ashirin da shida a hagu, goma sha shida da goma a dama. Wannan ƙirgar ƙarshe ba ta cin daƙiƙa talatin, amma ita ce aka fi tsallakewa a zauren jarrabawa. A kuma duba ko lambobin duka suna rabuwa da lamba ɗaya, domin ana son mafi ƙanƙantar lambobi ne: 4, 2, 4 a jimlar ruwa ba ƙarya ba ce, amma 2, 1, 2 ake nema.

Daga Ƙirga Zuwa Sikeli

Har zuwa nan ƙwayoyi ake ƙirgawa, waɗanda ba a gani. Amfanin jimla yana fitowa ne sa'ad da aka mai da ƙirgar nan nauyi. Kowace ƙwaya tana da nauyinta in an gwada ta da 'yan'uwanta: haidurojin 1, kabon 12, naitirojin 14, oksijin 16, kalsiyam 40, baƙin ƙarfe 56. Ƙullin butan ke nan 58 ne, watau 48 na kabon da 10 na haidurojin. O₂ 32 ne, CO₂ 44, ruwa 18. In an riɓanya kowanne da babbar lambarsa, jimlar butan tana cewa: giram 116 na gas da giram 416 na oksijin suna ba da giram 352 na CO₂ da giram 180 na ruwa. Hagu 532, dama 532. Littafin Lavoisier ya rufe daidai.

Yanzu a ɗauki tukunya mai kilo 12.5, irin wadda aka fi gani a gidaje, a ƙaddara butan ne zalla a ciki. Kafin ta ƙare za ta cinye oksijin kimanin kilo 45, ta fitar da CO₂ kimanin kilo 38 da ruwa kimanin kilo 19. Uwargida ta sayi kilo goma sha biyu da rabi da kuɗinta, amma abin da murhun ya ci daga iskar kicin ya fi haka sau uku da rabi, kyauta, ba wanda ya lura. Ruwan nan kuwa shi ne raɓar da kan bayyana a jikin tukunya mai sanyi da zarar an ɗora ta a wuta, da kuma gumin da gilashin taga kan yi in an daɗe ana girki a rufe. Daɗin daɗawa, oksijin kashi 21 ne kawai cikin ɗari na iskar da ke kewaye da mutane. Saboda haka kowace lita ɗaya ta gas da ta fito daga murhu tana bukatar iska kimanin lita 31 kafin ta ƙone sarai.

Idan Oksijin Ya Gaza

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: me zai faru in lita 31 ɗin nan ba ta samu ba? Wutar ba lalle ta mutu nan take ba. Takan ci gaba da ci, amma da wata jimla dabam. A gwada waɗannan biyu na gawayi:

C + O₂ → CO₂

2C + O₂ → 2CO

A ta farko kowace ƙwayar kabon ta sami oksijin biyu. A ta biyu kabon biyu ne suka raba ƙulli guda, kowanne ya tashi da ɗaya. Dukansu daidaitattu ne, malami zai ba su maki. Amma CO₂ ita ce iskar da ke tashi daga kwalbar lemo in an buɗe, ita ce kuma wadda kowa ke fitarwa da numfashi. CO kuwa, kabon monoksaid, guba ce. Bambancin da ke tsakaninsu a takarda ƙaramar lamba ɗaya ce, irin wadda aka ce kada a taɓa. Haka abin yake ga gas, inda 13 kan sauko zuwa 9:

2C₄H₁₀ + 9O₂ → 8CO + 10H₂O

Haka kuma ga fetur ɗin janareta. In an wakilta shi da oktan, C₈H₁₈, cikakkiyar ƙuna tana bukatar 25O₂ ga kowane ƙulli biyu, ta ba da 16CO₂ da 18H₂O. In 17O₂ aka samu, 16CO za a samu a madadinta. A zahiri jimlolin biyu tare suke gudana, gwargwadon iskar da ta isa ga wutar. Ƙaramin inji irin na janareta, ko a fili yake, yana fitar da CO mai yawa, haka ma garwashin da ke ci a hankali ƙarƙashin toka.

Abin da ya sa wannan iska ta zama abin tsoro shi ne ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. In ta shiga huhu sai ta kama himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma riƙon da take yi masa ya fi na oksijin ƙarfi sama da sau 200. Mutum na numfashi, amma jininsa ya daina kai wa ƙwaƙwalwa abin da take bukata.

A yi lissafin ɗakin maigadi, ko ɗaya daga ɗakunan bayan gida da ake kira boskwata. A ce tsawonsa mita uku, faɗi mita uku, bisa mita uku. Iskar da ke ciki lita 27,000 ce. In CO ta kai kashi ɗaya cikin dubu na wannan iska, watau lita 27, ta isa ta sumar da babban mutum cikin sa'a ɗaya ko biyu, in ba a fitar da shi ba kuwa ta kashe shi. Jimlar ta nuna kabon ɗaya ke ba da CO ɗaya, giram 12 na kabon kuwa yana ba da iska kimanin lita 24. Ke nan gawayi kimanin giram 13, abin da bai kai 'yan gutsattsari biyu ko uku ba, in ya koma CO a ɗakin da aka toshe, ya isa. Ba sai oksijin na ɗakin ya ƙare ba. Guba kan riga ƙarewar iska zuwa da nisa, shi ya sa ganin wuta na ci ba shaida ba ce cewa ɗaki lafiya yake.

Lambobin nauyi suna da ƙarin bayani. Matsakaicin nauyin iska 29 ne. CO 28 ce, kusan ɗaya suke, saboda haka takan gauraye ɗakin duka, mai kwance a gado da mai kwance a tabarma ba wanda ya tsira. Butan kuwa 58 ne, ya ninka iska nauyi, in tukunya na yoyo sai ya kwanta a ƙasa ya bi daɓe kamar ruwa. Warin da ake ji a gas ɗin girki ba nasa ba ne, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi domin a gane yoyo. Wanda ya ji warin nan ya rufe kan tukunya, ya buɗe ƙofa da tagogi, kada ya ƙyasta ashana, kada kuma ya taɓa makunnin lantarki.

Tsofaffin gidajen GRA da aka gina wa ma'aikatan gwamnati tun zamanin Turawa suna da dogon rufi da baranda da tagogi masu yawa. Gine-ginen yanzu sun fi matsewa, tagoginsu na gilashi da alminiyam suna rufuwa ruf, ga kuma tsoron ɓarayi da ke sa a shigar da janareta cikin gareji ko lungun ɗaki da dare. Tsoron yana da dalili, amma a gina wa injin keji na ƙarfe a waje, nesa da tagogi, bakin hayaƙinsa na kallon nesa da gida, ya fi. Maigidan da ya ba maigadi gawayi ya kamata ya ba shi bargo tare da shi, ya kuma faɗa masa a fitar da kasko waje kafin barci. Harshen wutar murhu in shuɗi ne, iska ta wadata. In ya koma rawaya yana baƙanta gindin tukunya da kunkunniya, alama ce kabon bai sami rabonsa ba, a duba murhun. Akwai kuma 'yar na'ura mai batir da ake maƙalawa a bango, wadda ke ƙara in CO ta taru.

Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, sau da yawa akan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne a sha magani a koma a kwanta a ɗakin nan dai. Abin lura shi ne jiki ba ya zafi, kuma duk waɗanda ke ɗakin kan kamu lokaci guda, su ji sauƙi in sun fita. Wanda aka tarar a sume a fitar da shi fili nan da nan, a garzaya da shi asibiti, a faɗa wa likita cewa akwai gawayi ko janareta a wurin. Maganinsa oksijin ne, ba manja ko madara ba.

Dutse, Tsatsa Da Baka

Dokar ba ta tsaya ga wuta ba. Simintin da aka gina yawancin katangun Bauchi da shi daga dutsen farar ƙasa yake farawa. Masana'antar siminti ta Ashaka ta soma aiki a 1979, lokacin tana cikin Jihar Bauchi, kafin a ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996. Matakin farko a tanderunta shi ne:

CaCO₃ → CaO + CO₂

A daidaice take, amma nauyinta abin dubawa ne: 100 ya koma 56 da 44. Kowane tan 100 na tsantsar dutsen da aka gasa, tan 44 iska ce da ke bin bututu ta tafi. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake ambaton masana'antun siminti duk lokacin da ake zancen ɗumamar duniya. Tsatsar ƙofar ƙarfe kuwa akasin haka ce, nauyi ƙaruwa yake yi. In an taƙaita ta, aka bar damshin da ke taimaka mata, ga ta: 4Fe + 3O₂ → 2Fe₂O₃, watau 224 da 96 sun ba da 320.

Saura jimla mai baka, wadda kan razana ɗalibai ba gaira ba dalili. Ruwan famfon Bauchi daga madatsar Gubi yake zuwa. Matatun ruwa kan zuba alif domin laka ta kwanta, sau da yawa tare da jiƙaƙƙiyar farar ƙasa:

Al₂(SO₄)₃ + Ca(OH)₂ → Al(OH)₃ + CaSO₄

Wanda ya ce zai ƙirga oksijin ɗaya-ɗaya a nan zai sha wuya, domin yana cikin kowane ƙulli. Dabara ita ce a lura cewa SO₄ ya shiga a dunƙule ya fita a dunƙule, haka ma OH. Sai a ƙirga su kamar ƙunshi, ba tare da an kwance ba. Al biyu ne a hagu, a sa 2 a gaban Al(OH)₃. SO₄ uku ne, a sa 3 a gaban CaSO₄. Wannan ya sa kalsiyam ya zama uku, a sa 3 a gaban Ca(OH)₂. OH shida a hagu, shida a dama, ya daidaita da kansa. Al(OH)₃ ɗin nan shi ne farin abu mai yauƙi da ke kama laka ya nutse da ita.

Aikin Gwaji

Mai karatu ya gwada waɗannan huɗu a takarda kafin ya dubi amsa. Ta farko iskar da ake samu daga ruɓaɓɓen kashin shanu ce in ta ƙone: CH₄ + O₂ → CO₂ + H₂O. Ta biyu narkar da kuza ce da gawayi, irin kuzar da aka daɗe ana haƙowa a tsaunukan Jos: SnO₂ + C → Sn + CO. Ta uku aikin ganyen dawa ne a cikin hasken rana: CO₂ + H₂O → C₆H₁₂O₆ + O₂. Ta huɗu ita ce wadda Fritz Haber ya gano hanyarta a Jamus a 1909, aka soma aiki da ita a masana'anta a 1913, tushen takin zamani: N₂ + H₂ → NH₃.

Ga amsoshin, lambobi bi da bi daga hagu zuwa dama. Ta farko 1, 2, 1, 2. Ta biyu 1, 2, 1, 2. Ta uku 6, 6, 1, 6, kuma wanda ya bar oksijin sai ƙarshe ne zai same ta ba wahala. Ta huɗu 1, 3, 2.

Wanda ya ci huɗun nan yana iya ƙarawa da wannan. Daga NH₃ ake yin takin yuriya, bisa jimlar 2NH₃ + CO₂ → CO(NH₂)₂ + H₂O. Nauyin ƙullin yuriya 60 ne, 28 daga ciki naitirojin. In an raba 28 da 60 za a sami kashi 46 da ɗoriya cikin ɗari, ita ce lambar 46 da ake bugawa a jikin buhu. Buhu mai kilo 50 ke nan naitirojin kilo 23 ne a cikinsa.